DARA TA CI GIDA

Muna neman afuwa domin a wannan fitowa mun ajiye waƙa da gajeren labari, mun zo da labarin wani kaye da muka sha a bainar jama'a, a hannun yarinyar da ba ta kai sa'ar 'yar autarmu ba. Mun daɗe muna ɓoye shi, amma da muka lura ciwon da ya kayar da mu a fagen wasa shi ne yake kayar da da yawanmu a fagen rubutu, sai muka ga gara mu tona asirin kanmu, ko wani ya amfana.

Duk wanda ya san Jibiya ya san gari ne da ke numfashi da iyaka. Daga Magama in ka miƙe, ba ka daɗe ba ka faɗa Ɗan Isa, daga nan sai Maraɗi, kuma da wuya ka sami gida a nan wanda ba shi da kawu ko gwaggo a can, domin tun da sarakunan Katsina na dauri suka yi arewa bayan jihadi suka kafa Maraɗi, ƙasar biyu take a takarda amma dangi ɗaya ne. Ranar Lahadi kuwa, ranar kasuwarmu, ba ka iya bambanta mai Naira da mai Sefa sai an zo biyan kuɗi. To, a watan Agusta na 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, a watan Nuwamba kuma aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ƙofar Jibiya ba a buɗe ta ba sai a watan Afrilu na 2022. A tsakanin nan direbobi da 'yan kamasho da 'yan dako da masu abinci duk suka koma zaman gindin bedi, kuma inda zaman banza ya yi yawa a ƙasar Hausa, nan dara take samun kasuwa.

Saboda yaran yanzu da ba su san wasa ba sai na cikin waya, bari mu ɗan yi bayani. Ana tona gidaje 30 a ƙasa, layi biyar na gida shida shida. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, wannan ya riƙe tsinke, wancan ya riƙe tsakuwa. Da farko zubi ake yi, kai ka ajiye ɗaya ni in ajiye ɗaya, ba a yarda ka jera uku ba a lokacin zubi. In an gama, gidaje shida ne kawai suka rage fili, sai a shiga turi, gida ɗaya gaba ko baya ko gefe. Duk wanda ya jera uku ya ci, sai ya ɗauke ɗa ɗaya na abokin wasansa. Gwanaye sukan ce tun a zubi ake cin dara, turi cika aiki ne kawai. Mai karatu ya riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Mu kuwa a wannan lokaci wata darar ce daban ta ɗauke mana hankali. Wani ɗan bautar ƙasa daga kudu da ya yi shekara yana koyar da lissafi tare da mu, da zai tafi ya bar mana allon wasan da Turawa ke kira ces, malamanmu kuma suke kira shaɗaranji, haɗe da wani tsohon littafi da bangonsa ya tafi. Allon gida 64 ne, kowane ɓangare da mayaƙa 16. Mu da ɗalibanmu muka raɗa musu sunayen da bakinmu zai iya: sarki, sarauniya, dawakai biyu, giwaye biyu, hasumiya biyu, da dakaru takwas a sahun gaba. Mutanen gari suka sa masa suna darar Bature, alhali kuwa Bature a hanya ya tsince shi. Daga Indiya ya taso, ya bi ta Farisa, ya shiga hannun Larabawa, har a Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa aka yi gwanaye irin su As-Suli waɗanda suka rubuta littattafai a kansa, sannan ya ƙetara Turai. Kai, ko a nan kusa da mu, a fadar Barno an yi wani nau'insa da ake kira tsatsarandi, wanda wani Bature mai suna Meek ya rubuta bayaninsa a 1934, kuma a cikinsa akwai Mai da Ciroma da Kaigama.

Ba za mu ɓoye ba, malamai sun yi magana a kan wannan wasa. Littafin Risala da muka tashi da shi ya hana, mazhabar Shafi'i kuma ta tsaya a kan karhanci matuƙar babu caca kuma bai shagaltar daga salla ba. Mu ba masu fatawa ba ne. Abin da muka yi shi ne muka gindaya sharaɗi, ba kuɗi ko na goro, kuma da an yi kiran salla a tashi ko da sarki na bakin mutuwa. Mahaifin wani yaro ya zo ya ce bai yarda ba, muka ba shi gaskiyarsa, muka sallami ɗansa ba tare da gardama ba.

Littafin nan da aka bar mana, kaf ɗinsa a kan buɗin wasa yake, wato takun farko farko da ake fara yi kafin a gwabza. A nan muka ga abin mamaki. Mai fararen mayaƙa yana da hanya 20 ta fara taku, mai baƙaƙe ma 20, saboda haka kafin kowa ya yi taku na biyu an sami fuska 400 da allo zai iya ɗauka, daga nan kuma lissafi sai ya tsere wa mai lissafi. Domin kada a ɓata a wannan daji, magabata suka share hanyoyi suka sa musu suna. Akwai buɗin Rui Lofez, sunan wani limamin kirista na ƙasar Sifen da ya wallafa littafinsa a 1561. Akwai kariyar Faransa, wadda ta samo suna daga wasan da aka buga ta wasiƙa tsakanin Landan da Faris a 1834. Akwai kariyar Sisiliya, wadda gwanayen duniya suka fi so in suna neman nasara da baƙaƙe. Larabawa ma tun a zamanin As-Suli suna da nasu, suna kiransu ta'abiya, kowace da sunanta.

Sai muka duƙufa hadda. Muka sami littafin rubutu mai ganye tamanin muka cika shi da taku, in ya yi kaza ka yi kaza, in ya sake kaza ka mayar masa da kaza. Kariyar Sisiliya muka fi ƙauna, har muka iya zubo taku 15 a jere ido rufe. A ɗakin malamai babu mai tsaya mana, ɗalibai kuwa taku huɗu muke kashe musu sarki, su riƙe baki. Muka riƙa ba su labarin Odion Aikhoje, ɗan Nijeriya da ya ciwo lambar zinariya a gasar ƙasashen duniya ta 1998 a Elista, da na yaron nan Tanitoluwa Adewumi wanda iyayensa suka yi gudun hijira zuwa Amurka a 2017, ya lashe gasar yara ta jihar Niyok a 2019 yana kwana a gidan marasa galihu. Muna ba da labarin ne kamar don ƙarfafa yara, amma a can cikin zuciya kanmu muke hangowa a kan dandamali. Hausawa sun ce inda babu ƙasa nan ake gardamar kokawa.

A cikin ɗaliban akwai wani yaro ɗan aji uku na ƙaramar sakandare, shiru-shiru, wanda ya ƙi hadda ƙememe. In muka ce ya kawo taku goma na Rui Lofez sai ya kawo uku ya tsaya yana susar ƙeya. Abin da ya riƙe kawai shi ne ƙa'idoji uku da muka faɗa a ranar farko muka wuce: ka kama tsakiyar allo, ka fito da dawakai da giwaye da wuri, ka ɓoye sarkinka. In yana wasa ya fi kallon ɓangaren abokin karawarsa a kan nasa. Mun sha yi masa faɗa, mun ce rago ne. Kakansa na wajen uwa wani tsoho ne daga wani ƙauye na wajen Ɗan Isa, wanda ko a lokacin da iyaka ke rufe ba ya fashin Lahadi, ta hanyar gona yake biyowa bisa jakinsa, ya sayar da 'yar igiyar da ya tuƙa, ya zauna gindin bedi ya karkashe 'yan darar Jibiya har la'asar, sannan ya koma.

Wata Lahadi muka ɗauki allonmu da littafinmu muka je gaishe shi, da nufin mu nuna masa irin darar da masu ilmi ke yi. Ya saurare mu da kyau, ya jujjuya doki a hannunsa, sannan ya ce, "Malam, shi wannan littahin naka, ya san wanda za ka zamna da shi?" Muka ce, "Baba, ai littafin ya san duk abin da mutum zai yi." Ya yi murmushi ya ce, "To, madalla. Allah shi ba da sa'a." Muka tashi muna tausayin tsoho.

Bayan an buɗe iyaka a 2022, muka sami labarin wata buɗaɗɗiyar gasa a Kano. Muka tara kuɗin mota da na rajista daga albashi, muka nemi izinin mahaifin yaron nan muka tafi da shi, ba don mun sa rai da shi ba, sai don ya ga yadda malaminsa zai yi. Ita buɗaɗɗiyar gasa, kamar yadda sunanta ya nuna, kowa ya biya ya shiga, babba da yaro, gwani da ɗan koyo, mace da namiji. Ba a fitar da wanda aka ci. Tsarin da ake bi, wanda aka fara amfani da shi a Zurik ta ƙasar Suwizalan a 1895, shi ne bayan kowane zagaye a haɗa mai maki da mai maki irin nasa. Nasara maki ɗaya, kunnen doki rabi, faɗuwa ba komai. Kowane tebur da agogo mai fuska biyu, in ka yi taku ka danna, lokacin abokinka ya fara tafiya. Kowa yana rubuta takunsa a takarda, ba a shiga da waya, ba a magana, kuma duk abin da ka taɓa dole ka motsa shi. Zauren ya yi tsit, mu da muka saba da darar gindin bedi inda 'yan kallo suka fi 'yan wasa surutu, sai da jikinmu ya yi sanyi.

Da aka liƙa sunayen zagayen farko, muka je teburinmu muka tarar da wata 'yar yarinya wadda ba ta wuce shekara goma ba, ƙafarta ko ƙasa ba ta kaiwa, tana shan ruwan leda. Har muka ji kunya ta kama mu, muna tunanin yadda za mu ci ta ba tare da mun sa ta kuka ba. Ita ke da farare. Ta tura dakaren gaban sarki gida biyu. Muka yi hamdala a zuci, muka mayar da takun Sisiliya. A littafinmu, abin da zai biyo baya shi ne ta fito da dokin ɓangaren sarki, kuma a kan wannan doki muka gina taku 15 ɗin nan gaba ɗaya. Yarinya sai ta miƙa ɗan yatsa ta tura dakaren gaban giwar sarauniya gida ɗaya tak, ta danna agogo, ta ci gaba da shan ruwanta.

Jama'a, a taku na biyu haddarmu ta ƙare. Muka zauna muna kallon allo kamar baƙon da aka sauke a tashar da ba tasa ba, agogo na cin lokacinmu, wajen minti ashirin. Daga ƙarshe muka yanke shawarar da ta fi kowace muni, wato muka ci gaba da zubo haddarmu kamar dai ta yi takun da muke jira. Ta kafa dakaru biyu a tsakiyar allo kafaɗa da kafaɗa, ta tura ɗaya ya kori dokinmu, ya koma inda ba shi da amfani. Cikin ruɗewa muka taɓa giwa ba da niyya ba, ta ɗago ido ta dube mu, ba ta ce uffan ba, muka motsa giwar dole. A taku na 24 sarkinmu ya rasa gidan shiga.

Al'ada ce a irin wannan gasa bayan an tashi a koma gefe a sake bin wasan tare. Yarinyar nan cikin ladabi ta mayar da mayaƙa, ta nuna mana cewa takun nata sananne ne, sunan wani gwani na ƙasar Rasha, Alafin, yake ɗauke da shi. Ta ce dalilin takun farko na Sisiliya shi ne a hana farare mallakar tsakiya da dakaru biyu, domin in suka turo na biyun sai a musanye shi. Ita kuma ta tura wancan ƙaramin dakare ne domin in an yi musanyar ya maye gurbin wanda aka ci, tsakiya ta zauna a hannunta. Maganinsa shi ne a far wa tsakiyar nan take, kafin ta kafu. Shekara biyu muna yin wannan taku, ba mu taɓa tambayar kanmu don me ake yin sa ba. Sannan ta ƙara da wata magana cikin Turanci, wadda ma'anarta ita ce, "Malam, kai wani wasan kake bugawa daban, ba wanda ke gabanmu ba."

Aka yi zagaye bakwai. Muka tashi da maki biyu, ɗaya daga ciki ma don abokin karawarmu bai zo ba ne. Ragon ɗalibinmu ya tashi da huɗu. A mota, daga Kano har Katsina bai ɗago kai ba, don kada idonsa ya haɗu da namu mu ji nauyi. Sai da muka kama hanyar Jibiya muka daure muka ce, "Kai, yaya ka yi da su?" Ya ce, "Wallahi Malam ni ban san sunayen ba. Ina dai duba inda mutum yake son zuwa ne, in riga shi, kamar yadda Baba Tsoho yake yi."

Lahadin da ta biyo muka koma gindin bedi, ba allo ba littafi. Tsoho ya riga ya ji labari, amma bai tayar da maganar ba. Ya share ƙasa ya tona gidaje, ya miƙo mana tsakuwa. Muka yi wasa uku, duk a gida ɗaya yake fara ajiye tsinkensa, amma daga na biyu sai zubin ya sauya kama, kuma duk ukun ya ƙare da kafa abin da yake kira doki, inda tsinke ɗaya ke kai da komo tsakanin gida biyu, kowane turi da ci. Muka ce, "Baba, ashe kai ma kana da hadda." Ya ce, "Ina da ita mana, wurin ubana na gada. Amma ɗan hwari shi kaɗai ne nawa. Na biyu namu ne, ni da kai. In ban dubi hannunka ba, da wa nike wasa?"

To, 'yan'uwa marubuta, ga inda muka dosa. Shekaru da dama matasa suna kawo mana rubutunsu mu duba, kuma cikin goma, da ƙyar ka sami biyu da ba su buɗe da ɗayan ƙofofin nan da aka saba ba. Ko dai yamma ta yi iska na kaɗawa tsuntsaye na kuka a wani lambun da babu irinsa a garin marubucin, ko budurwa na tsaye gaban madubi ana lissafa idonta da hancinta, ko wata doguwar mota ta tsaya ƙofar wani tangamemen gida. Waɗannan ƙofofi ba laifi ba ne a karan kansu. Wanda ya fara buɗe su yana da dalili, ya san abin da lambun ko madubin zai haifar a babi na biyar. Wanda ya ara ba tare da dalilin ba, shi ne za ka ga shafinsa na farko sumul, daga shafi na goma labari ya fara tangaɗi, domin taurarinsa sun yi takun da babu shi a hadda, shi kuma ya ci gaba da zubo abin da ya haddace. Ba muna cewa a daina karanta na gaba ba. Gukesh na Indiya da ya zama zakaran duniya a watan Disamba na 2024 yana ɗan shekara 18, da shi da wanda ya kayar, babu wanda bai kwana a kan buɗi ba. Amma su in ka tsayar da su a kowane taku ka ce don me, za su gaya maka.

Kada kuma a ce muna nuna wasu da yatsa. A cikin akwatinmu akwai wani littafi da muka fara tun muna sabon ɗaukar aiki, labarin wani direban da ke jigila tsakanin Jibiya da Maraɗi. Mun sake rubuta babinsa na farko sau goma sha ɗaya, kowanne da salon wani marubucin da muke sha'awa a lokacin, amma ba mu taɓa ƙetare babi na biyu ba. Sai bayan kayen Kano muka gane ba mu taɓa zama muka dubi direban nan ba, mu tambaye shi inda yake son zuwa. Haka kuma a aji, mun dawo mun dubi yadda muke ba yara amsa su haddace saboda jarrabawa, ranar da mai tambaya ya ɗan karkata tambayar sai ka ga yaro ya zubo amsar wata tambayar daban, mu kuma mu ce yaran yanzu ba su da ƙoƙari.

Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufe iyaka, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. A cikin wannan tsakani tsohon nan ya kwanta ciwo, jakinsa ya daina zuwa kasuwar Lahadi, kuma Allah ya yi masa rasuwa ba mu sami ganawa ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Jikan nasa yanzu shi ke koya wa ƙananan ɗalibai, kuma mun lura kafin ya ɗora yaro a kan allo sai ya fara zaunar da shi a ƙasa sun yi dara. Littafin nan mai ganye tamanin yana nan ba mu yar ba, sai dai mun bi shi da jan biro, gefen kowane taku mun rubuta dalilinsa, wanda muka kasa samo wa dalili kuma mun soke shi, kuma abin da ya tsira bai kai rabi ba. Labarin direba kuwa, cikin ikon Allah, ya kai babi na bakwai, da babin farko wanda bai kai sauran goma sha ɗayan ƙawa ba.

Duk ɗan'uwan da hanya ta biyo da shi Jibiya ranar Lahadi, ya tambayi gindin bedin 'yan dara bayan la'asar, zai same mu. In da allo ya zo, bismilla, in kuma da rubutu ya zo, za mu fara da tambayarsa dalilin jimlarsa ta farko. Allah ya sa mu dace, amin. Wassalam.